Motar farko: Corolla mai takarda ko Accord mai sheƙi da ba duti?

Malam_Na_Gwale:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin masu mota da masu gyaranta. Ni malamin makaranta ne a nan Kano, shekarata goma sha ɗaya a kan babur. Iyali sun ƙaru, yara huɗu, ranar Juma'a in za mu gaida Hajiya sai na yi sawu biyu. Na sayar da ɗan filin da na gada, na haɗa da kuɗin adashi, yanzu ina da miliyan shida da rabi.

Dillali ya nuna min motoci biyu. Ta farko Corolla ce 2005, ta hannu wato wadda aka taɓa hawa, fentinta ya ɗan koɗe, takardu cikakku, amma kuɗinta zai lamushe duk abin da ke hannuna. Ta biyu Honda Accord 2008, wadda ake ce wa Evil Spirit, baƙa wuluk tana sheƙi, sanyin cikinta kamar firji. Ya ce zai sallama a miliyan biyar da dubu ɗari biyu, sai dai wai takardar kwastan ta ɓata a hannun mai ita na farko, amma "ba wata matsala, lamba ce da ita". Gaskiya zuciyata tana kan Hondar. Me kuka gani?

Abba_Dorayi:
Wa alaikumus salam. Corolla. Rufe ido ka ɗauka.

Direban_Sharon:
Malam, banza ba ta kai zomo kasuwa. Accord 2008 mai lafiya ba ta faɗowa ƙasa da Corolla 2005 da fiye da miliyan haka kawai. Wannan "ta ɓata" ɗin da ka ji, fassararta ita ce ba a taɓa biya ba. Ni shekarata goma sha bakwai ina jigila tsakanin Kano da Katsina, na ga masu kuka a bakin shinge ba adadi. Lamba ba ta wanke mota. Jami'i zai karɓi takardunka, ya duba lambar shasi, in bai ga duti ba ka sauko kawai, kai da iyalinka da kulolin abincinku.

Maman_Ilham:
Wallahi abin da Direban_Sharon ya faɗa shi ya same mu. Maigidana ya sayi mota wurin wani dillali da suke sallah masallaci ɗaya, aka ba shi takarda har da tambari. Wata bakwai muna hawa lafiya a cikin gari. Ranar da muka tashi zuwa biki Zariya aka tare mu a hanya, aka duba, ashe takardar ta wata motar ce daban aka goge lamba aka sake bugawa. Ina goye da jaririya, rana tsaka, muka tsaya neman motar haya da akwatuna. Kuɗin da aka kashe kafin motar ta fito ya kusa rabin kuɗin sayenta. Dillalin kuwa cewa ya yi shi ma haka aka ba shi. Har yau suna haɗuwa a sahu, sai dai gaisuwa daga nesa.

Alhaji_Dila:
To, an fara. Duk zancen mota sai an zagi dillali. Ni sana'ata ke nan, kuma ba na jin kunyarta. Ku riƙa faɗin ɗaya gefen mana. Mutum zai zo da kuɗin akuya yana son saniya. Ka nuna masa mai duti cikakke ya ce ta yi tsada, "Alhaji ba wata mai sauƙi?" Ka nuna masa mai sauƙin, ka faɗa masa gaskiyar lamarinta, ya ce ba komai a gari zai riƙa hawa. Ranar da aka kama shi sai ya manta an yi wannan maganar.

Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jirgin ruwa. Kafin nan daga Kwatano muke kwasowa. Bayan dokar wasu ba su daina ba, daji suka koma bi da daddare. Irin waɗannan motocin ne suka cika gari, an yi musu lamba, sun wuce hannu uku huɗu. Malam, shawarata a matsayina na mai sana'ar: ka ce a ba ka kwafin takardar duti ko lambar da ke jikinta, ka je ofishin kwastan da ƙafarka a duba maka. Dillalin da ya hana ka wannan, ka yi masa sallama. Ita ma Corollar da aka ce takardunta cikakku ne, ka kai a duba. Gani ya kori ji.

Abba_Dorayi:
Alhaji_Dila yau ka yi wa'azi. Allah Ya sa har a wurin la'ada haka kake.

Alhaji_Dila:
Yaro, la'adata halak ce, gumina ne.

Usta_Kofar_Ruwa:
Malam_Na_Gwale, ni bakanike ne, bari in bar zancen takarda ga masu shi in yi maka na ƙarfe.

Kada ka je ganin mota da rana bayan an riga an tayar da ita ta yi zafi. Ka ce za ka zo da sassafe, kuma kada kowa ya taɓa makulli. Da ka isa ka ɗora hannu a kan inji, in ka ji ɗumi to an riga ka, akwai abin da ake ɓoyewa. Inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa: ƙarar ƙwas-ƙwas, ko jijjiga, ko hayaƙi. Ka sa wani ya tayar, kai ka tsaya a bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, tana shan baƙin mai, ringi ya tafi. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan ta yi zafi, gaskit ne. Ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka leƙa bayansa, in ka ga abu kamar kunun gyaɗa ya manne, ruwa na haɗuwa da mai, ka rufe ka kama hanya.

Sai fitilun gaban direba. In ka murɗa makulli kafin ta tashi, dole fitilar inji da ta jakar iska da ta birki su kama duka, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, cire ƙwanta aka yi ko aka liƙe ta da baƙin salatif. Na sha buɗe mita in tarar da haka. Ka nemi mai na'urar kwamfuta ya jona mata, kuɗin ba shi da yawa.

Ka ja sandar man giya ka shinshina. Ja ne mai haske ko ya yi baƙi yana warin ƙuna? Sannan ka hau ta da kanka ko wanda ka yarda da shi, ba zagayen layi ba, ku fita titin Zariya ko na Haɗeja inda za ta canza giya har ta ƙarshe. In tana fizga ko tana jinkiri kafin ta shiga, giyabos na hanya, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Abu na ƙarshe, a ɗaga ta a leƙa ƙasa a ga ko indomi na nan. Wannan tukunyar da ke jikin salansa, ana sare ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, a yi walda da bututu a mayar. Kai ba za ka sani ba sai ka ga mota na shan mai tana wari.

Kuma bakaniken da za ka tafi da shi, naka, ba wanda dillali ya kira ba. Mu ma a cikinmu akwai masu karɓar na goro ta baya.

Malam_Na_Gwale:
Usta, Allah Ya saka da alheri, na kwafe wannan a takarda. Amma tsakaninka da Allah, in an ajiye zancen duti, wacce ta fi a cikin biyun?

Usta_Kofar_Ruwa:
Hondar ta fi daɗin hawa, ba gardama. Corollar ta fi daɗin riƙo. Injinta 1.8 ne, sarƙa gare shi ba bel ba, kayanta kuwa ko a ƙauye ka lalace za ka samu wanda ya san ta. Accord 2008 iri biyu ce, akwai mai silinda huɗu 2.4, akwai V6, wato mai silinda shida, 3.5. Ka tambaya wacce ce. In V6 ce, da albashin koyarwa, kai da gidan mai za ku zama surukai.

Honda_Har_Abada:
Ku dai 'yan Toyota kun mayar da abin kamar addini. Shekara shida ina hawa EOD, wato Accord ta 2003 zuwa 2005, ban taɓa kwana a hanya ba. Wannan zancen da ake yi wai ƙafar Honda na cirewa a tsakiyar titi, sakaci ne. Mota tana ta ƙara ƙiiƙii wata biyu mutum ya ƙi dubawa, in ya tashi canzawa kuma ya sayi jabun boljoyin mai araha. Kuma a zuba mata man giyarta na asali, DW-1, ba kowane jan mai da aka samu a bakin titi ba. Ita Toyotar ba ta da laifi ne? Ku tambayi masu Camry Muscle ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu yadda take shan baƙin mai.

Usta_Kofar_Ruwa:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma ba Muscle Malam ya ce zai saya ba.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina karanta ku daga Maraɗi. Abin da Alhaji_Dila ya faɗi haka yake, da yawan motocin nan ta wurinmu suka biyo. Daga Kwatano su hau gadar Malanbil zuwa Gaya, su zo Maraɗi da takardar wucewa, daga nan a san yadda aka yi suka tsallaka wajen Jibiya. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar nan, kaya suka koma zagayowa ta Lome suna ratsa Burkina, shi ya sa mu ma nan mota ta yi tsada. Wurinmu in ba ka da takardar duwan (kwastan) da katgiris (takardar rajistar mota) da sunanka, jandarma ba ya ma tsayawa dogon zance da kai. Malam, kada ka sayi mota da alkawarin "za a kawo takarda daga baya".

Injiniya_Sadiq:
Ƙari a kan bayanin Usta. Yawancin Corolla da Accord ɗin nan daga Amurka suka fito, kuma da yawa a gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye ake sayo su, a gyara a Legas ko Kwatano. Kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ka tabbatar biyun sun yi daidai da juna da kuma na takarda. Sannan ka sa lambar a intanet, wani lokacin hotunan motar a filin gwanjo za su fito maka kyauta, ka gan ta da gaba a murƙushe. In kana son cikakken tarihi akwai Carfax, ana biya.

Motar ambaliya ita ce mugun abu, don ba ta nuna kanta sai bayan watanni, wayarin ya fara hauka. Ɗaga kafet ka shinshina, leƙa ƙarfen ƙarƙashin kujera ko ya yi tsatsa, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai shatin ruwa. Mita kuma kada ka yarda da ita, ana mayar da ita baya. Motar shekara ashirin a ce maka mil dubu tamanin ta yi, alhali robar birki ta suɗe har ƙarfe ya fito? Kuma mil ne ba kilomita ba, kowane mil ɗaya kilomita 1.6 ne.

Baba_Mai_504:
Ku yaran yanzu kuna shan wahala. Mu a zamaninmu Fijo ake haɗawa a Kaduna, tun 1975 kamfanin ya fara aiki. Ma'aikaci ya karɓi bashin mota ya je ya ɗauko 504 sabuwa dal da ledarta. Ba kwamfuta, ba fitilar da za ta kama ta tayar maka da hankali. Sifana goma da sha biyu da filaya sun ishe ka zuwa Maiduguri. Tawa tana nan a gareji, in na ga dama gobe sai in tayar da ita.

Abba_Dorayi:
Baba, da turi ko da makulli?

Baba_Mai_504:
Ɗan nema. Ubanka ma a irinta aka kai shi ɗaurin aure.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ni abin da ban ji kowa ya taɓo ba shi ne lissafin bayan saye. Malam ya ce Corollar za ta cinye kuɗinsa duka. To ranar da ka kawo ta gida da me za ka yi mata hidima? Motar hannu ko ta fi kowacce lafiya sai ka juye baƙin mai, ka canza filta, wataƙila batir, wataƙila tayu biyu, ga canjin suna, ga inshora. Ni da na sayi tawa sati uku ta yi a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, saboda na zuba komai a saye, maƙwabta na ta yi min barka ni kuwa ina hawa adaidaita zuwa Kantin Kwari.

Sai mai. Kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira ɗari biyu ba a gidajen man gwamnati. Aka cire tallafi ta haura ɗari biyar, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Ka zauna da biro ka lissafa daga Gwale zuwa makarantarku sau nawa a wata, ka ga abin da zai rage a albashi. Kuma don Allah kada ka sayar da babur ɗin.

Direban_Sharon:
Hajiya ta gama magana. Ajiye babur, shi ne na zuwa aiki, mota ta Juma'a da asibiti da biki. Ma'aikata da yawa haka suke yi yanzu, ba abin kunya ba ne.

Sani_Gas:
Ko kuma ya mayar da ita mai gas. Ni na sa CNG a tawa, abin da nake kashewa ya ragu sosai.

Direban_Sharon:
Ya ragu in ka samu wurin sha. Tukunyar ta cinye rabin but, ga layi. Mai iyali shida ina zai sa kaya?

Sani_Gas:
Ai ba a cire tankin fetur, biyun take amfani da su. In gas ya ƙare ka danna maɓalli ka koma fetur. Abin da kawai zan ja kunne, a je wurin waɗanda aka tantance, kada a bari mai walda ya haɗa maka da tukunyar da ba ta CNG ba. Wannan bam ne kake ɗauke da shi a bayan 'ya'yanka.

Lauya_Ba_Kotu:
A kan takardu, don kada a tsaya a duti kaɗai. Motar sata ma tana zuwa da takardu masu kyan gani. Ka nemi ganin mai motar ido da ido, sunan da ke katin shaidarsa ya zama shi ne a takardar mallaka. In an ce ya yi tafiya, a jira shi. A rubuta yarjejeniya da lambar shasi da lambar inji da kuɗin da aka biya, shaidu biyu su sa hannu. Kuɗin kuma ta banki, zuwa asusun mai motar, ba na dillali ba, ba kuma a leda ba. Kada ka ba da kafin alƙalami mai yawa kafin a gama bincike, karɓo shi wuya gare shi. Bayan saye ka canza suna da wuri. Mai sayarwa ma ya kamata ya matsa a canza, don in aka yi ta'asa da motar ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa.

Inshorar dole, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiya har ta miliyan uku. Mutane da yawa takardar bogi suke riƙe da ita ba su sani ba, saboda sun ba wani a bakin ofishin lasisi ya "haɗo musu duka". Ana iya duba sahihancinta da lambar mota a waya.

Abba_Dorayi:
Wai dama inshorar nan ana biyan mutum? Ni na ɗauka takardar nuna wa 'yan Karota ce kawai.

Lauya_Ba_Kotu:
In ta gaske ce kuma ka kai rahoto a kan lokaci, ana biya. Ba kai za a ba ba, wanda ka buga za a gyara wa.

Oga_Rewaya:
Malam in ka saya, abu na farko ka kawo a cire mata tamostat a haɗa fanka dairek. Motar Turai an yi ta don ƙanƙara ne, zafin Kano na watan Afrilu ba ta san shi ba.

Injiniya_Sadiq:
Don Allah Malam kada ka yi wannan. A jihohin Amurka irin su Arizona da Tekzas ana zafin da ya kai namu, da tamostat ɗinsu suke yawo. Aikinsa ya riƙe inji a zafin da aka tsara masa, wajen digiri 90. In ka cire, inji zai daɗe bai yi zafi ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce ta yi ta ƙara mai. Ka ƙara shan mai, ka ƙara cin inji. In mota na zafi akwai dalili: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya mutu, ko famfon ruwa, ko fanka. Kuma a daina ɗura ruwan rijiya, a sa ruwan lagireto na gaske, shi ke hana tsatsa.

Oga_Rewaya:
Injiniya, kai a littafi ka karanta, ni shekara ashirin ina yi da hannuna. Motoci nawa na cire wa suna yawo lafiya?

Usta_Kofar_Ruwa:
Oga, ni ma da ina cirewa, haka maigidana ya koya min. A zamanin kafireta an sha da shi. Motocin yanzu na daina, don na ga masu dawowa suna kukan shan mai. Tsakanina da kai za mu ƙarasa a gareji.

Direban_Sharon:
Tunda an zo zancen zafi, taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, satin 23 na 2018 ke nan. Tayar Beljiyam, wato ta hannu da ake shigowa da ita daga waje, za ka gan ta da zane kamar sabuwa alhali ta tsufa a ajiye, kwalta ta yi zafi ta fashe da kai. 'Yan rodsefti shekara huɗu suke cewa. Kuma mai faci in ba ka tsaya a kansa ba sai ya ɗura maka hamsin. Adadin iskar da ta dace yana rubuce a jikin ƙofar direba.

Ummu_Khalil:
Ni tambaya ce da ni, ku yi haƙuri na shigo tsakiya. Mace mai koyon tuƙi, otomatik ko mai giyar hannu?

Hajiya_Mai_Atamfa:
Otomatik, 'yar uwa. Ki shiga cunkoson Kofar Wambai da kuloci sau ɗaya ki ba ni labari.

Malam_Na_Gwale:
Jama'a na dawo da rahoto. Yau bayan asuba na tafi da wani bakanike ɗan unguwarmu. Hondar V6 ce. Na ce a ba ni ko lambar takardar duti in kai a duba, dillali ya ce in ba na so akwai wani Alhaji da ke zuwa da kuɗi anjima. Na ce Allah Ya ba Alhajin sa'a.

Corollar mun tayar da ita da sanyi, ba hayaƙi, fitilu sun kama sun mutu yadda Usta ya ce. Amma indomi babu, an sare. Shokozoba na baya sun mutu, tayu biyu na 2017 ne. Da muka sa lambar shasi a waya ba hoton gwanjo da ya fito. Mai ita ma'aikacin banki ne da aka yi wa canjin wurin aiki, na gan shi, sunansa ne a takarda. Na yi tayin miliyan biyar da ɗari bakwai saboda gyaran da ke gabana, ya ce albarka, shida da ɗari biyu. Mun rabu a kan zai yi shawara. Gobe zan kai kwafin takardar dutin a duba.

Alhaji_Dila:
Zai sallama a shida. Kada ka kira shi, bari shi ya kira ka. In kuma bai kira ba ina da wata Vibe 2006, injinsu ɗaya da Corollar, ka zo ka gani.

Abba_Dorayi:
Na san za a zo nan.

Honda_Har_Abada:
Duk da haka da ka nemi EOD mai silinda huɗu mai takarda. Da wannan kuɗin har canji za ka samu.

Hajiya_Mai_Atamfa:
In ya sallama a shida, dubu ɗari biyar ta rage maka. Tayu biyu, shokozoba, juye, canjin suna, inshora. Lissafa ka gani ko za ta kai. Indomin dai sai wani adashin.

Usta_Kofar_Ruwa:
Malam, kun duba man giya kuwa? Ban ji ka ambata ba.

Malam_Na_Gwale:
Kai, Usta, wallahi mun manta. Gobe in sha Allahu kafin in wuce ofishin kwastan zan biya in shinshina.